Kuɗin da ƙasa ta haɗiye

1. Gardama a ƙofar aji

Ran Litinin da safe, tun ba a buga ƙararrawa ba, gardama ta kaure a ƙofar aji tsakanin Isufu da Mariyama. Kowa ya buɗe tafin hannunsa, da kuɗin ƙarfe guda a ciki. Ƴan aji sun kewaye su, ana ta leƙe.

Garinsu yana kusa da Madarunfa, cikin jihar Maradi. Gonakin garin iri biyu ne: akwai na jigawa bisa tudu, akwai na fadama a bakin gulbi. Isufu ya tsinci nasa kuɗin a gonar kakansa, can bisa jigawa. Ko tono bai yi ba. Ya gan shi ne kwance bisa rairayi, bayan iskar da aka kwana ana yi. Mariyama kuwa, a garkar babanta aka samu nata. Baba yana ginar rijiya, sai da ya yi zurfin taƙi biyu, kana kuɗin ya fito cikin laka.

Mariyama ta ce: "Nawa ya fi tsufa. Abin da ya daɗe, shi ke yin nisa cikin ƙasa. Naka jiya-jiya ya faɗi."

Isufu ya ce: "A'a! Dubi yadda nawa ya yi kore. Har huji gare shi a tsakiya."

Suna cikin haka sai ga Malam. Suka gaishe shi, suka ce: "Malam, a raba mana gardama."

Malam ya sa aka kawo ruwa a gwangwani da ɗan tsumma. Aka wanke kuɗin, aka goge. A jikin na Isufu, tauraro mai tsini shida ya bayyana, da shekara: 1952. Kwabon Ingilishi ne, irin wanda aka yi ciniki da shi a Najeriya kafin zuwan naira a 1973. Na Mariyama launi biyu gare shi. An rubuta 200, an rubuta 2003. Dala arba'in ce ta sefa.

Malam ya rubuta a allo: 2003 − 1952 = 51. Ya ce: "To, ga tsoho a sama, ga yaro a ƙasa. Wa ya san dalili?"

Aji ya yi tsit. Malam ya ce: "Ruwa ba ya tsami banza. Akwai mutanen da ke yin wannan tambaya kullum. Bari ku ji labarinsu."

2. Masu neman tsofaffin kuɗi

A Ingila, da Amurka, da wasu ƙasashen Turai, akwai mutane masu wata irin sha'awa. Ran hutu sukan ɗauki na'urar gano ƙarfe su shiga gonaki, ko makiyaya, ko bakin teku. Suna tafiya sannu, suna wasa na'urar dama da hagu kamar mai shara. In ta yi kuka, sai su durƙusa su tona. Sau da yawa ƙusa ce, ko marfin kwalba, ko guntun waya. Wani lokaci kuwa tsohon kuɗi ne.

Ingila ƙasa ce da aka daɗe ana amfani da kuɗin ƙarfe a cikinta, fiye da shekara 2,000. Rumawa sun mulke ta kusan shekara 400. Mutane sun yi ta ciniki, suna noma, suna zuwa kasuwa, kuɗi na faɗuwa daga aljihu. Don haka gonakinta cike suke da ɓatattun kuɗi.

Masu wannan sha'awa sun lura da abin da Isufu da Mariyama suka gani. Wata rana mutum ya samu kuɗin Rumawa a zurfin yatsa uku. Kashegari ya yi tono mai zurfi, ya fito da kuɗin da ake kashewa yanzu. Sai suka gane cewa zurfi ba ya faɗin shekaru. Kowane wuri da tasa ƙasa, kowace ƙasa da halinta.

3. Yadda na'urar take aiki

Na'urar tana da sanda doguwa. A gindin sandar akwai wani abu zagayayye kamar faifai. Cikin faifan akwai naɗin waya. Wutar batir tana bi ta cikin wayar, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, wanda ke ratsa ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai ƴar wuta ta motsa cikin ƙarfen, shi ma ya mayar da nasa ƙarfin. Wani naɗin waya na biyu ya ji wannan amsa, na'urar ta yi kuka.

Dabarar ta daɗe. A 1881 aka harbi shugaban Amurka, Garfil. Giraham Bel, wanda ya yi suna wajen ƙirar tarho, ya haɗa wata na'ura don neman harsashin a jikinsa, amma bai dace ba. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani hafsan sojan Folan ya ƙera wadda soja ke neman nakiyoyi da ita. Daga baya aka yi marasa nauyi, masu araha. Wajen shekarun 1970 mutane da yawa a Ingila suka fara sayensu don sha'awa. A Nijar ma an ga irinsu a hannun masu neman zinariya, lokacin da aka ruga Jado a 2014.

Amma na'urar ba ta ji da nisa. Kuɗi guda, galibi ba ta jin sa in ya wuce santimetir 20 zuwa 30. Babban abu, kamar tukunya cike da kuɗi, takan ji shi ko ya fi haka zurfi. Shi ya sa maganar zurfi ta dami masu nema. Kuɗin da ya yi nisa ya tsere musu.

4. Ba nauyi ba ne

Wani yaro mai suna Laminu ya ɗaga hannu, ya ce: "Malam, ai ƙarfe nauyi gare shi. Nauyinsa ne ke nitsar da shi."

Malam ya cika gwangwani da busasshiyar ƙasa, ya danna ta. Ya aza kwabon Isufu a bisa, ya ajiye a taga. Ran Juma'a aka duba. Kwabo yana nan inda aka bar shi.

Ƙasa ba ruwa ba ce. Ƙwayoyinta suna tokare da juna, suna ɗauke da abin da aka aza musu. Kuɗi ba ya ratsa su da nauyinsa, sai fa in ƙasar ta zama taɓo, ko kuwa shanu sun tattaka wurin bayan ruwan sama. In an ga kuɗi cikin ƙasa, to, ɗayan uku ne: ko an zubo masa ƙasa a bisa, ko an janye ta ƙarƙashinsa, ko wani abu ya juya ƙasar duka. Su wa ke yin wannan aiki?

5. Tana, ƙaramar ma'aikaciya

A Ingila an yi wani masani mai suna Sharl Darwin. Ya yi shekaru fiye da 40 yana lura da tana. A 1881 ya fitar da littafi a kanta, shekara guda kafin mutuwarsa.

Tana takan haɗiyi ƙasa a cikin raminta, ta hau sama, ta fitar da ita a bakin ramin. Wannan shi ne kashin tana. Ruwan sama da iska su baje shi bisa ciyawa. Tsofaffin ramummukanta kuma su rufta. Ke nan tana kwasar ƙasa daga ƙarƙashin abu, tana zuba ta a kansa. Abin sai ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan.

Darwin ya so ya auna. A Disamba 1842 aka watsa farfasasshen alli a wata makiyaya kusa da gidansa. Ba a nome wurin ba. A Nuwamba 1871, bayan shekara 29, aka gina rami. Sai ga allin ya yi farin layi cikin ƙasa, a zurfin santimetir 18. Wato yana sauka wajen milimetir 6 a shekara. Darwin ya lissafa cewa a wurare da yawa na Ingila, ƙasar da ke bi ta cikin tana a shekara ta fi tan 25 a hekta guda. Da yayyafi kogi kan cika.

A 1877 Darwin ya je wani gari mai suna Abinja, inda aka tono daɓen wani gidan Rumawa. An samu kuɗin sarakunan Rum na tsakanin shekara ta 133 da ta 361. An kuma samu wani ƙaramin kuɗin Ingila na 1715. Tsakaninsu ya fi shekara 1,300, amma ƙasa ta rufe su duka.

Ga dalili. Abu ba ya ta sauka har abada. Tana ta fi yin aikinta a baƙar ƙasa ta sama, inda abincinta yake. In kuɗi ya kai gindin wannan ƙasa, ko ya tarar da tsakuwa ko dutse, sai ya tsaya. Wanda ya faɗi daga baya ya sauko ya iske shi. Tsoho da sabo su kwanta wuri guda.

A jigawar Sahel tana ba ta da yawa, don ƙasar busasshiya ce. Gara da tururuwa ne ke yin irin aikinta. Gara takan ɗauko laushin ƙasa daga can ƙasa, ta gina suri, ta lulluɓe kara da kashin shanu. Ba ta iya ɗaukar tsakuwa, balle kuɗi. Su sai ta bar su a ƙasa, ta rufe su. Gafiya da kurege kuwa sukan yi akasin haka. In suna ginar rami, sukan watso abin da ke ciki zuwa waje.

6. Garma mai juya ƙasa

Yawancin masu nema a Ingila gonaki suke shiga, bayan girbi. Garmar da tarakta ke ja takan kafta santimetir 20 zuwa 30, ta kife ƙasar. Abin da ke sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya dawo sama. Kowace shekara haka. Saboda haka a gonar da ake nomawa, kuɗin zamani da na Rumawa a cakuɗe suke, kamar gero da tsakuwa. Wanda na'ura ba ta ji bana ba, baɗi garma tana iya ɗago shi. Shi ya sa mai nema ke komawa gona guda shekara da shekaru.

Garma takan kuma yi ɓarna. Tana lanƙwasa kuɗi, tana karce shi. In bakinta ya taɓa tukunyar da aka binne, sai ta fasa ta, ta watsa abin da ke ciki tsawon gona.

Hauya ba ta kai garma zurfi ba. Saman ƙasa kawai take motsawa. Abin da ya faɗi a gonar hauya yakan daɗe kusa da sama.

7. Ruwa, da iska, da darewar ƙasa

Ruwa yana kwasa, yana zubawa. In an yi ruwa mai ƙarfi, yakan wanke ƙasar tudu ya kai ta kwari. A tudu abin da ke ɓoye ya fito fili. A kwari abin da ke fili ya ɓuya. Gulbi in ya yi ambaliya, yakan bar sabuwar laka bisa fadama. Ambaliya guda tana iya rufe abin da tana za ta yi shekaru ba ta rufe ba.

Iska ma haka take. Tana ɗauke laushin rairayi, ta bar abu mai nauyi. Ta kai rairayin gindin itace, ko jikin darni, ta tara. A bakin teku masu nema sun san wannan hali. Bayan babbar igiyar ruwa ta kwashe rairayi, sukan fito da sassafe, don a ranar ne tsofaffin kuɗi ke kusa.

Ƙasar laka kuwa darewa take yi da rani. Wani tsagin hannun yaro yana shiga. Kuɗin da ya faɗa ciki ya tafi ƙasa nan take. Da damina lakar ta kumbura, tsagin ya rufe. A rana guda kuɗi ya yi tafiyar da ba ya yi cikin shekara 50 a makiyaya.

A ƙasashen sanyi akwai wani abu kuma. Ruwan da ke cikin ƙasa yakan daskare, ya kumbura, ya ɗaga duwatsu. In ƙanƙara ta narke, ƙasa ta cike gurbinsu. Haka dutse ke hawa sama sannu a hankali.

8. Abin da hannu ya binne

Akwai kuɗin da ya faɗi, akwai wanda aka ɓoye. A zamanin da babu banki, mai dukiya in ya ji tsoron yaƙi ko ɓarayi, sai ya gina rami ya binne ta. Wani ya dawo ya ɗauka. Wani bai dawo ba. Zurfin irin wannan kuɗi, mai shi ne ya zaɓa.

A ƙauyen Hoksan na Ingila, wani manomi ya ɓatar da hamarsa a gona. Ya roƙi abokinsa Erik Los, mai na'ura, ya nemo masa. Ran 16 ga Nuwamba 1992, maimakon hama, sai ga cokulan azurfa da kuɗin zinariya. Erik Los bai ci gaba da tono ba. Aka sanar da ƴan sanda da hukuma. Kashegari masana suka zo, suka tona a hankali. Aka ƙirga kuɗi 14,865, da kayan ado, da kayan cin abinci. An binne su ne cikin akwatin katako, a farkon ƙarni na 5, lokacin da mulkin Rumawa ke ƙarewa a ƙasar. Katakon ya ruɓe, amma masana sun gane yadda aka jera kayan, don ba a hargitsa su ba. Hamar ma an same ta. Ita da dukiyar suna babban gidan tarihi na Landan. Mai na'ura da manomi suka raba ladan da aka ba su.

A Afrilu 2010, kusa da garin Furum, wani mai nema ya ji kukan na'ura. Ya tona wajen santimetir 35, ya tarar da bakin wata ƙatuwar tukunya. Shi ma ya mayar da ƙasa, ya kira masana. Cikin tukunyar akwai kuɗin Rumawa 52,503, nauyinsu wajen kilo 160. Masana suka kwashe su hawa-hawa. Suka lura tukunyar ba ta da kaurin da za ta ɗauki wannan nauyi. Ke nan an fara sa ta cikin rami, kana aka zuba kuɗin. Da an fizge ta da gaggawa, da ta fashe, da wannan sani ya ɓace.

9. Wuri shi ne shaida

Shekarar da ke jikin kuɗi, shekarar da aka buga shi ce. Ba ita ce shekarar da ya faɗi ba. Kuɗi yana iya yawo hannu da hannu shekara 30 kafin ya ɓace. Wani ma shekarar jikinsa ruɗi ce. Babban kuɗin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda fatake suka kawo ƙasar Hausa, an yi ta buga shi fiye da shekara 200, kullum da 1780 a jikinsa.

Don haka masanin tarihi ba kuɗin kaɗai yake dubawa ba. Yana duba wurin, da zurfin, da launin ƙasar, da abin da ke kwance kusa da shi. Wanda ya tone abu ya gudu da shi, kamar ya yage shafi ne daga littafi. Shafin yana hannunsa, littafin ya lalace.

Ƙasashe sun yi doka a kan haka. A Ingila, dokar 1996 ta ce wanda ya samu irin wannan dukiya ya sanar cikin kwana 14. Mai nema kuma ba ya shiga gona sai da yardar mai ita. A Faransa, tun 1989, ba a neman kayan tarihi da na'ura sai da izinin farfe. Nijar ma tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997.

Akwai dalili. A 1975 aka gano tsohuwar maƙabartar Bura, cikin jihar Tilaberi, mai tulunan yumɓu da mutum-mutumi. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya tona wurin bisa ƙa'ida. Bayan sunan Bura ya bazu a duniya, ɓarayin kayan tarihi suka afka wa yankin. Suka tone wurare da yawa, suka farfasa tuluna, suka sayar da sauran a ƙasashen waje. Abin da suka lalata ba ya gyaruwa.

Yaron da ya tsinci tsohon abu, ya nuna wa malaminsa ko maigari. Kada ya ci gaba da tono. In kuwa ƙarfe ne wanda bai san ko mene ne ba, kada ya taɓa shi sam, don yana iya zama harsashi ko nakiya. Ya ja da baya, ya kira manya.

10. Amsar da ke gonar Kaka

Da Malam ya gama, Mariyama ta ce: "Na gane nawa. Gulbi ne ya zubo masa laka. Kuma garkarmu tana darewa da rani."

Malam ya ce: "Madalla. Kai fa, Isufu?"

Isufu ya yi shiru. Malam ya ce: "Je ka tambayi mai gonar."

Da marece Isufu ya iske kakansa yana tufkar igiya a gindin darni. Ya miƙa masa kwabon. Tsoho ya juya shi, ya leƙa ta hujin, ya yi dariya. Ya ce: "Kai, ɓarawo! Wannan ai nawa ne. Ba ni abina."

Isufu ya ce: "Kaka, riƙe. Ko ƙuli-ƙuli ba ya saye yanzu."

Kaka ya ce: "Da yana saye. Babana kan kai gyaɗa Katsina, ya dawo da irinsu a zare. Tashi mu je gonar."

Suka hau jigawa. Gawo guda ya rage a tsakiyar gona. Saiwoyinsa suna waje, sun kai gwiwar Isufu. Kaka ya dafa su, ya ce: "Ina yaro, waɗannan duka cikin ƙasa suke. Gawo bakwai ne a nan, ga sabara, ga kalgo. Muka sare, muka tone kututture, muka kwashe kara muka kai gida. A gonar nan mukan ɗaure dami 60. Bara 25 muka samu."

Isufu ya dubi saiwoyin, ya dubi kwabon. Ya ce: "Ashe kwabo bai hau ba, Kaka. Ƙasa ce ta tafi."

Kaka ya ce: "Ita ce. Kuma wadda ta tafi, ita ce mai ba da hatsi."

Kashegari Isufu ya ba da labari a aji. Malam ya ce akwai magani, kuma manoman Nijar sun san shi. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. A jihar Maradi, tun shekarun 1980, manoma suka kama sassaben zamani: ba a tone kututture, sai a bar masa toho mai ƙarfi, a gyara shi ya zama itace. Karan hatsi ma, in an bar shi kwance a gona, yakan kama rairayin da iska ta ɗauko, gara kuma ta mayar da shi taki.

Da sassabe ya zo, Isufu da kakansa suka bar toho a kututture 40. Kwabon kuwa, Kaka ya yarda aka rataye shi a aji, kusa da dala arba'in ta Mariyama. A ƙarƙashin kowanne an rubuta wurin da aka same shi, da ranar, da zurfin.

Ma'anar kalmomi

Na'urar gano ƙarfe: abin aiki mai batir, wanda ke kuka in ya ji ƙarfe cikin ƙasa.
Maganaɗisu: ƙarfe mai jan ƙarfe.
Taƙi: awo daga babban yatsa zuwa na tsakiya, in an buɗe hannu.
Zaizaya: tafiyar ƙasar sama saboda ruwa ko iska.
Ambaliya: fitar ruwan gulbi daga hanyarsa.
Ƙarni: shekara 100.

Tambayoyi

1. Ina Isufu ya samu kwabonsa? Ina aka samu kuɗin Mariyama?
2. Don me kuɗi ba ya nitsewa da nauyinsa cikin busasshiyar ƙasa?
3. Yaya tana take binne abu? Wace halitta ke yin irin aikinta a jigawa?
4. Me ya sa tsohon kuɗi da sabo suke cakuɗe a gonar garma?
5. Me Erik Los ya yi da ya ga zinariya? Wane amfani aka samu?
6. Me saiwoyin gawo suka nuna wa Isufu?

Lissafi

1. Alli ya sauka santimetir 18 cikin shekara 29. Milimetir nawa ke nan a shekara?
2. Gulbi ya zuba laka santimetir 40 cikin shekara 20. Santimetir nawa ke nan a shekara? Tsakanin gulbi da tana, wa ya fi sauri?
3. Gonar Kaka ta ragu daga dami 60 zuwa 25. Dami nawa aka rasa?

Aiki

1. Ku zaɓi wuri a garkar makaranta, metir guda tsawo, metir guda faɗi. Ku watsa katanga da gawayi a bisa. Ku kafa turaku a kusurwa huɗu. Kada a nome wurin. Ku rubuta ranar a littafin aji, don ƙannenku su tona gefe guda kowace shekara, su auna.
2. Ku kafa sanda mai zanen santimetir a jigawa, wata a fadama. Ku duba su kafin damina da bayanta. A ina ƙasa ta ragu? A ina ta ƙaru?
3. Ku tambayi tsofaffin gari irin kuɗin da suka gani: wuri, anini, kwabo, tamma, dala. Ku zana su.
4. Ku nemo sunayen waɗannan da Faransanci: tana, gara, garma, laka, rairayi, iska.

Abin riƙewa

Zurfin kuɗi ba ya faɗin shekarunsa. Tana da gara suna binne shi. Garma tana juya shi. Ruwa da iska suna rufe shi ko su tone shi. Tsagin laka yana haɗiye shi. Mutum yana ɓoye shi. Wurin da aka samu abu shi ne shaidarsa, don haka ba a tone kayan tarihi da gaggawa. In tsohon abu ya fito fili a gona ba tare da tono ba, manomi ya duba ƙasarsa.